Kyamarar farko: sabuwa a kwali ko ta hannu mai lensi biyu?

Malam_Rikkos
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙe ina yin shiru, yau dai ga ni da tawa. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto da waya, yawanci duwatsu da hadari, sai kuma 'yan gida idan ana suna ko walima. Watan jiya na kwashi adashi, na ware naira dubu 450 don sayen kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki wadda ake canza wa lensi, kuma ita ce ta farko a wurina. Ba sana'a zan buɗe ba, koyarwa nake yi, sha'awa ce kawai.

Uku ne a gabana. Akwai Canon 4000D sabuwa a kwali da lensinta 18-55. Akwai Nikon D5300 ta hannu da abokin yayana zai rabu da ita, da lensi biyu, 18-55 da 35mm. Sai kuma Canon 600D, Landan yus, ita ta fi sauƙin kuɗi. Abin da na fi so shi ne in hau duwatsun Shere da ke nan Jos da asuba in ɗauki fitowar rana, in je dutsen Riyom, in kuma ɗauki yaran gidanmu bayansu ya dushe irin na ƙwararru. Wacce zan ɗauka? Zuciyata na kan sabuwar saboda tsoron kayan hannu.

DanKubwa
Wa alaikumus salam. Tambaya ɗaya kafin komai: wa ya ce maka har yanzu ana sayen DSLR? Tun 2018 Canon suka fito da sabon tsarinsu RF, Nikon suka fito da nasu Z, duka na kyamara marar madubi a ciki, duk sun karkata can. Shugaban Canon da bakinsa ya ce a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ce babbar DSLR ɗinsu ta ƙarshe. Ƙara haƙuri ka tara ka sayi marar madubi, kada ka shiga motar da ake shirin fakawa.

Kawu_Taminus
DanKubwa, yaro ya ce dubu 450 gare shi, kai kana lissafi da aljihun mutanen Abuja. Motar da ake shirin fakawa ita ce ake samu da araha, kuma in dai injinta lafiya lau, tana kai mutum gida. Don kamfani ya daina ƙera sabuwa ba ya hana wadda ke hannu ɗaukar hoto.

Zee_Naraguta
Malam, cikin ukun nan ni ko tunani ba zan yi ba, D5300. Ba don sunan Nikon ba, don 35mm ɗin da ke tare da ita. In f/1.8 ne, wato ƙofar haskensa mai faɗi ce (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), to shi ne zai ba ka dushewar bayan da kake so, kuma shi ne zai cece ka a cikin ɗaki idan an ɗauke wuta. 18-55 idan ka zuƙo shi har ƙarshe ƙofar haskensa f/5.6 ce, a falon gidan suna sai dai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoton ya yi yashi-yashi. Ni da D3300 na fara, wata takwas ina fama da 18-55 ina zargin kaina, ranar da aka ara mini 35mm na gane ba duk laifina ba ne.

Malam_Rikkos
Na gode 'yar'uwa. Na kira shi yanzu, ya ce a jiki an rubuta AF-S DX 35mm 1:1.8G. Shi ne?

Zee_Naraguta
Shi ne kuwa. Riƙe shi da kyau.

Injiniya_Bukuru
Bari in yi bayani a kan 4000D tunda ita ce ta ɗauki hankalinka. Sabuwa ce a kwali, amma ba sabuwa ba ce a fasaha. A 2018 ta fito, sai dai sensarta, wato abin da ke karɓar hoto a ciki, mai megafiksel 18 ce, dangin wadda ke cikin 600D ta 2011. Wato da ka sayi sabuwar da ka sayi waccan tsohuwar, hoton da za su ba ka kusan ɗaya ne. Bambancin, 600D tana da allo mai juyawa, tana da wurin saka makirfo, kuma bakin da lensi ke ɗaurawa ƙarfe ne. A 4000D bakin roba ne, allon ƙarami ne inci 2.7, ba ya motsi, ba ta da ɗan maɓallin nan na gefen ido da mai matsalar gani ke daidaitawa.

Abu na biyu, wanda mu mutanen Jos ya fi shafa, shi ne ƙura. Wasu kyamarori suna girgiza gilashin da ke gaban sensa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, don ƙurar da ta manne ta zube. 600D tana yi, D5300 tana yi. 4000D da 2000D ba su da wannan. Haka Nikon ma suka cire shi a D3400 da D3500, alhali D3300 tana da shi. Mutumin da zai riƙa hawan Shere a watan Disamba iska na kaɗa buji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

D5300 kuma megafiksel 24 ce, wuraren kama fokas 39, su waɗancan biyun 9 ne. Kuma idan ka ɗauki fitowar rana dutsen ya yi baƙi ƙirin, ɗanyen fayil ɗinta da ake kira RAW yana jure a haskaka inuwar fiye da na tsohuwar sensar Canon mai 18. Wannan na gwada da hannuna, duka biyun sun zauna a wurina.

MaiHoton_Gangare
Injiniya ya yi magana ta ilimi, ni zan yi ta kasuwa. A garin nan ka zaga gidajen biki ka ƙirga, Canon ce ta fi yawa a wuyan masu hoto. Amfanin haka shi ne ranar da cajarka ta ƙone ko batir ya mutu, waya ɗaya za ka buga a aro maka. Kana son gwada 85mm ko 70-200 na yini ɗaya, akwai mai ba ka. Kyamara ba ita kaɗai ake saya ba, dangi ake shiga. Ka duba wa ke kusa da kai, me yake riƙe da shi.

Zee_Naraguta
To ai abokin yayansa ɗan Nikon ne, ga dangi nan ya samu tun kafin ya shiga.

MaiHoton_Gangare
Wanda ke sayarwa zai fita daga dangin ne Hajiya, hhh. Tambaye shi me zai koma, ina da tabbacin ba Nikon ba.

Baba_Situdiyo
Salamu alaikum. 'Ya'yana ne suka saka ni a zauren nan, ban cika rubutu ba, amma wannan ta taɓo ni. Na fara aikin hoto da Yashica, daga baya na riƙe Pentax K1000. Fim ɗaya hoto 36 ne, in ka ɓata biyar ka yi asara, kuma ba za ka san ka ɓata ba sai an wanko. Wannan tsoron shi ya koya mana kallon haske kafin mu ɗaga kyamara.

Ɗana Malam, abin da zan ce maka, ko wacce ka saya cikin ukun nan ta fi duk abin da na ciyar da iyalina da shi shekara ashirin. Abu uku ne kacal a cikin kowacce: faɗin ƙofar haske, saurin shota (labulen da ke buɗewa ya rufe idan an danna), da ISO, wanda a zamaninmu ASA muke ce masa kuma a jikin kwalin fim yake. In ka san yadda ukun nan ke ja wa juna, ka gama. In ba ka sani ba, ko ta miliyan goma aka ba ka a kan koren maɓalli, inda take yin komai da kanta, za ka bar ta, wayarka ma ta fi ta.

Amma je ka riƙe su a hannu. Akwai kyamarar da in ka kama sai ka ji kamar don tafinka aka yi ta, akwai wadda ƙaramin yatsanka zai yi ta reto. Wadda ba ta yi maka daɗin riƙo ba a cikin akwati za ta tsufa.

Malam_Rikkos
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi wannan na koren maɓalli kamar da ni kake. Zan je in riƙe su insha Allahu.

Sadiq_Lamingo
Allah ya ja kwana Baba. Amma maganar waya da ka kawo, ni fa ita ce tambayata. Wayoyin yanzu har megafiksel 108 da 200 ake rubutawa. Me zai sa mutum ya sayi mai 18 ko 24?

Injiniya_Bukuru
Sadiq, yawan fiksel daban, girman sensa daban. Sensar D5300 milimita 23.5 ce a tsawo, 15.6 a faɗi. Ta Canon irin waɗannan 22.3 da 14.9. Ta yawancin wayoyi ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Kamar ka shanya faranti da tabarma a ruwan sama ne, ka ga wanne zai tari ruwa da yawa. Waya tana rufe wannan giɓin da lissafi, ta ɗauki hotuna da dama ta haɗe, ta ƙirƙiri dushewar baya. Shi ya sa za ka ga gefen mayafi ko gashin yaro ya narke tare da bangon. Da rana tsaka a kan allon waya, ba lallai ka ga bambanci ba. Da magariba, ko in za a wanke hoton a rataya a bango, nan ake rabuwa.

Maman_Hanan
Ni dai gargaɗi na zo yi a kan kayan hannu, don na sha. Shekara biyu da suka wuce na turo kuɗi aka aiko mini da 700D a mota daga Legas, wai ba a taɓa wahalar da ita ba. Jikinta fes. Sati biyu ta fara tsayawa tana nuna kuskure, mai gyara ya duba ya ce shota ta kusa ƙarewa, bugunta ya haura dubu ɗari da talatin. Ashe ta mai ɗaukar biki ce aka canza mata robar jiki. Mai shagon ya daina ɗaga wayata. Kuɗin gyaran sai da ya kusa sa ni kuka. Don haka tsoron da Malam yake ji ba na banza ba ne, ku daina yi kamar kayan hannu duk alheri ne.

Kawu_Taminus
Sannu Maman Hanan, Allah ya mayar da alheri. Sai dai abin da ya same ki sayen kaya ba gani ne, ba sayen na hannu ba. Shi Malam mai kayan a garin nan yake, ya san gidansu.

Malam, ga abin da za ka yi idan ka je, kuma kada kunya ta hana ka don abokin yayanka ne. Ka tafi da katin memori naka. Ka ɗauki hoto ɗaya, Nikon tana rubuta adadin bugun shota a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton su karanto maka lambar. Irin wannan ajin ana yi musu kiyasin dubu ɗari. In ka ga dubu goma sha biyar ko ashirin, yarinya ce. In ta wuce dubu tamanin, a sake zaman ciniki. Canon irin 600D ba ta sa lambar a hoto, sai an jona ta da kwamfuta da manhaja.

Sannan ka mayar da ƙofar haske f/22, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton da girma. Ɗige-ɗigen ƙura ba komai ba ne, ana gogewa. Layi ko karce shi ne matsala. Ka cire lensi ka haska fitilar waya ta ciki, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Ka danna kowane maɓalli, ka juya allon ta kowane ɓangare, ka gwada filashin kanta. Ka nemi caja ta asali. Ka kuma sa ya rubuta maka takarda da lambar jikin kyamarar, ko da ɗan'uwanka ne. Kayan sata suna yawo, ranar da aka tare ka takardar nan ce za ta yi maka magana.

Maman_Hanan
Da na samu wannan bayanin a lokacin, Kawu. Allah ya saka. Na kwafe na ajiye.

DanKubwa
Kun taru kun yi mini ca, to ku ji. Ban ce DSLR ba ta ɗaukar hoto ba. Abin da nake nufi, mai koyo ya fi saurin ganewa da marar madubi, domin abin da ka gani a ido shi ne zai fito. Ka rage haske, hoton ya yi duhu a gabanka tun kafin ka danna. Ga kama fokas a kan ido da kanta, yaro na gudu tana binsa. A DSLR sai ka ɗauka, ka duba allo, ka gyara, ka sake. Kuma Malam zai zo yana son bidiyo, kowa haka yake cewa ba ya so da farko.

Injiniya_Bukuru
Nan kam ka faɗi gaskiya DanKubwa, musamman bidiyo. D5300 idan aka kunna allo fokas ɗinta yana ta kai da komo, 600D ma haka, kuma ita 600D da fayil ya kai gigabait 4 take tsayawa, wajen minti 12 ke nan. Wanda bidiyo ne gabansa a Canon sai ya nemi 70D, ko 800D, ko 200D, masu Dual Pixel, fasahar da ke sa fokas ya kama da kyau a bidiyo.

Amma ka bar mana batir. Leƙe ta madubi ba ya cin wuta kamar allo. D3500 a ƙa'idar gwaji tana yin hoto 1550 a caji ɗaya, D5300 wajen 600, ƙananan marasa madubi yawanci tsakanin 300 ne da 450. Ga wanda zai kwana biyu unguwarsu ba wuta, ka san amsar. Kuma lensin ba asara ba ne, na Canon EF suna hawa RF da adafta, na Nikon AF-S suna hawa Z da adaftar FTZ, fokas na aiki.

Tsuntsun_Amurum
Ku ba ni wuri in sa baki ta ɓangaren da ba wanda ya taɓo. Malam, ka ce duwatsu, amma duk wanda ya fara fita daji da asuba a Filato ƙarshensa tsuntsaye za su ja shi. Ni haka ta faru da ni, na raka wani aboki dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, tun daga ranar ban dawo daidai ba. In hakan ta same ka za ka buƙaci dogon lensi. A Nikon, AF-P 70-300 mai VR, wato abin hana rawar hannu, yana da sauƙin nauyi da kuɗi, kuma saboda sensar ƙarama ce ana ninka tsawon da 1.5, wato 300 ya zama kamar 450. Yana aiki da D5300 in an sabunta manhajar cikinta. Amma ba ya aiki da D3200, D5100, D7000 ko D90, masu waɗannan su kiyaye. A Canon, 55-250 IS STM za ka nema. 75-300 ɗin nan da ake cusa wa mutane a matsayin kyauta ba shi da abin hana rawar hannu, kuma a ƙarshensa hoton laushi yake yi.

Sadiq_Lamingo
Wayyo, ni 75-300 ɗin nake da shi. Shi ya sa duk shamuwar da na ɗauka kamar a mafarki.

Tsuntsun_Amurum
Hhh, kada ka jefar. Ka sa shota 1/1000, ka rufe ƙofa zuwa f/8, ka tsaya a 200 maimakon 300, ka jingina da dutse ko bishiya. Za ka ga canji.

Zee_Naraguta
Tunda an shiga maganar lensin da ba ya aiki, Malam ga wani rami. D5300 ba ta da injin da ke juya fokas a jikinta, haka duk 'yan D3000 da D5000. In wani ya kawo maka 50mm f/1.8D da araha, zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa murɗa fokas. Mai harafin G, AF-S, shi ne naka. Ƙawata ta faɗa wannan ramin, har ta ɗauka kyamarar ce ta lalace.

MaiHoton_Gangare
Kun gani ko? Wannan D, wancan G, wannan AF-P, sai ka ce karatun likita. A Canon tun 1987 da aka fito da EF, kowane lensin EF ka ɗaura fokas zai yi. Shi ke nan.

Injiniya_Bukuru
Oga, kada mu ɓoye namu. Lensin EF-S ba ya hawa 6D ko 5D masu babbar sensa, ranar da mutum ya koma babbar sensa sai ya sayar da su. Kuma 2000D da 4000D da yawa sun fito babu ƙarfen tsakiya a mazaunin filashi, filashin gama-gari mai araha ba ya tashi a kansu. Kowane gida da nasa.

Hajiya_Rayfield
Ina ta karatu ina jiran wani ya yi maganar abin da ya fi kyamara tsada, wato mutuncin mutane. Malam, waya kowa ya saba da ita, amma ranar da ka rataya baƙar kyamara mai dogon baki, kallon da ake maka ya canza. Wani zai ɗauka ɗan jarida ne, wani ya ce jami'i ne. A garin nan da abubuwan da muka gani, kowa a ɗarare yake. Kada ka ɗaga ta kusa da shingen jami'an tsaro ko ginin gwamnati. In ka je ƙauye, ko Riyom ko gindin Shere, ka fara gaida mutanen wurin, ka faɗi abin da ya kawo ka, in da hali ka tafi da ɗan gari. A Farin Gada na taɓa ɗaukar wata mai tumatir ban tambaye ta ba, ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ita ke da gaskiya. Yanzu sai na yi ciniki, mun yi hira, sannan in roƙa. In na wanko in kai mata nata. Matan aure da 'yan mata a wurin biki kuwa, kada ka sa hoton kowa a Facebook sai da izini.

Baba_Situdiyo
Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk lambobin nan. Mu da, sai mutum ya yi wanka ya sa kayan Sallah ya zo da ƙafarsa a ɗauke shi. Yanzu ana ɗaukar mutum yana tsakar cin abinci.

DanKubwa
A Abuja ma haka ne, har ya fi. Wasu wuraren shaƙatawa da waya ba mai ce maka komai, kana fito da kyamara mai gadi zai zo ya ce sai ka biya ko ka kawo takarda.

Ummi_Dilimi
Afuwan zan ɗan karkatar da zancen. Ni tawa tun damina na ga wani hazo-hazo a cikin lensi, a cikin jakarta take a ƙasan gado. Ko fumfunar da Kawu ya ce ce?

Kawu_Taminus
Da alama ita ce 'yata. Jaka a rufe, duhu, ga danshin Agustan Jos, gidanta ke nan. Kai wa mai gyara da wuri kafin ta ci rufin gilashin, kuma ki raba shi da sauran. Daga yau ki samu robar abinci mai murfi da ke kamawa gam, ki zuba ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ki riƙa ajiye kayan a ciki. Lokaci-lokaci a fito da su su sha haske. Da hunturu kuma matsalar ta juya, ƙura ce. Kada a canza lensi a fili iska na kaɗawa, a shiga mota ko a juya baya, bakin kyamara na kallon ƙasa. A sayi 'yar robar hura iska. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga.

Malam_Rikkos
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci zan samu haka ba. Na fasa 4000D. Yanzu tsakanin D5300 da 600D nake. Abin da ke ja na ga 600D shi ne ragowar kuɗin, zan iya ƙara 50mm f/1.8 da ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai. Ita kuma D5300 za ta cinye kusan duka.

MaiHoton_Gangare
600D da 50mm STM, ka gama. Da wannan haɗin yara da yawa a garin nan suka fara, wasunsu yanzu da shagonsu.

Zee_Naraguta
Oga, 50mm a kan Canon ana ninkawa da 1.6, ya zama 80. A ɗakunanmu na Rikkos sai ya fita tsakar gida kafin ya haɗa mutum uku a hoto ɗaya. 35 a kan Nikon kamar 52 ne, yana shiga ɗaki yana fita waje. Kuma mutumin nan duwatsu ya ce, ba amare ba.

MaiHoton_Gangare
Yau ya ce duwatsu. Bari ƙanwar matarsa ta tashi aure ki gani.

Tsuntsun_Amurum
Ƙafa uku dai kada a raina ta. Fitowar rana da ruwan Assop mai gangarowa daga dutse duk ita suke so. In kana son ruwan ya fito kamar auduga sai shota ta kai rubu'in daƙiƙa ko fiye, hannu ba ya iya wannan. Amma kafin ka samu, ƙaramin buhun shinkafa ko wake a kan dutse yana yi, ka sa mai ƙidayar daƙiƙa biyu don kada dannawa ta girgiza ta. Kada kuma ka sayi mai siraran ƙafafu irin ta waya, iskar Shere za ta kifar maka da ita har kyamarar.

Injiniya_Bukuru
Ko wacce ka ɗauka ka bar wani abu a aljihu: katin memori na gaske, don na jabu sun cika gari kuma ranar da ka fi buƙata suke cinye hotuna, da batir na biyu, da robar da Kawu ya ce. Manhajar gyara kuma ba sai ka biya ba, darktable da RawTherapee kyauta ne, Nikon na da NX Studio, Canon na da Digital Photo Professional.

Maman_Hanan
Ita 600D ɗin a shago take ko wurin mutum? In shago ne ka ce su ba ka kwana bakwai na gwaji a rubuce. In sun ƙi, ka san dalili.

Malam_Rikkos
A shago take Anti, kuma kwana uku suka ce. Ita D5300 na je na gani da yamman nan. Na bi abin da Kawu ya ce ɗaya bayan ɗaya, har mutumin yana dariya wai wa ya koya mini. Shota dubu 31 da 'yan kai. Lensin biyu tsaf, ƙura uku a sensa. Matsala ɗaya, robar da babban yatsa ke zama ta ɗago, kuma cajar ba ta asali ba ce. Baba, na riƙe ta, ta zauna mini a hannu, sai dai ƙaramin yatsan yana reto kaɗan. MaiHoton_Gangare, na tambaye shi me zai koma, ya ce Z50, Nikon marar madubi.

Zee_Naraguta
Oga MaiHoto, ina tabbacin naka? Hhh.

MaiHoton_Gangare
Na ji, na sha ƙasa. Amma in Z50 zai koma, Malam yi sauri ka biya kafin ya tuna 35mm ɗin zai hau ta da adafta.

DanKubwa
Kun dai ji da kunnenku, mai kayan ma marar madubi ya gudu.

Kawu_Taminus
Caja ba ta asali ba dalilin ragi ce, ka ce ya sauke maka kuɗinta. Robar kuma gam kaɗan ne. Gobe ka je ka riƙe 600D ɗin ma kafin ka yanke, ka ce su jona ta da kwamfuta a gabanka. Wa ke da mota ranar Asabar? In an tashi hawan Shere a biyo ta Taminus a ɗauke ni, amma ni a gindin dutsen zan tsaya da fulas ɗin shayi, gwiwa ta ƙi.

Sadiq_Lamingo
Ina da mota Kawu, mutum huɗu za ta ɗauka. Ƙarfe biyar da rabi bayan an idar da sallah. Tsuntsun_Amurum, ka zo ka nuna mini f/8 ɗin nan da idona. Kowa ya taho da rigar sanyi.